Rana Na Shan Ruwa, Ba Ta Shan Gishiri

Ɗauki jarka mai cin lita 25, irin wadda masu kura ke turawa a cikin garin Rano, ka cika ta da ruwan famfo. Gishiri nawa kake jin za ka zuba kafin ruwan ya yi daidai da na teku? Cokali biyar? Gwangwanin madara ɗaya? Amsar ita ce kimanin giram 875, wato saura kaɗan ya cika kilo guda, a jarka ɗaya tak. Wannan ba ƙarin gishiri ba ne. Kowane kilo na ruwan teku, wanda kusan lita ɗaya ke nan, yana ɗauke da gishiri kamar giram 35.

Idan ka kamo tarwaɗa daga madatsar ruwa ta Tiga ka jefa ta cikin wannan jarka, ba za ta kwana da rai ba. Idan kuma aka kawo maka ɗaya daga cikin kifayen teku masu launi, irin waɗanda kuke gani a katun, ka sake shi a Ruwan Kanya, shi ma mutuwa zai yi, ko da kuwa ruwan ya fi na gora tsabta. Abin da ya kashe wannan, rashinsa ne ya kashe wancan.

Akwai mutane a duniya da suka mayar da wannan lissafi abin sha'awarsu. Suna ajiye akwatin gilashi a falo, su haɗa ruwan teku da hannunsu, su yi kiwon kifayen teku da murjani a ciki. Wataƙila kun taɓa cin karo da bidiyonsu a YouTube ko TikTok: shuɗin haske, duwatsu masu rassa kamar bishiya, kifi na shawagi a tsakani. Mahajjatan da suka samu sarari a Jidda ma kan leƙa Fakieh Aquarium, inda aka tara halittun Bahar Maliya a manyan tankuna. Ɗan makarantar da ke Tarai ko Rurum zai iya cewa, to mu ina ruwanmu, alhali sai an yi tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota kafin a ga teku? Ruwanmu a ciki shi ne, dokar da mai akwatin murjani ke bi kullum ita ce dokar da ke aiki a tankin tamfol na tarwaɗa da ke bayan gidanku, da kuma fadamar da babanku ke ban-ruwa. Ga shi kuma tana fitowa a jarrabawar WAEC da NECO.

Murjani dabba ne

Kun san murjani a wuyan kakanninmu mata, jajayen duwatsun ado da ake tsirawa a zare, kuma kun ji kalmar a Islamiyya cikin Suratur Rahman. Na ainihin daga Tekun Bahar Rum fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi a da, ko da yake yawancin na kasuwa yanzu gilashi ne ko roba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan dutse ƙashin wata dabba ce. Ƙananan halittu ne masu laushin jiki, suna zaune dubu-dubu a manne da juna, suna tsotsar sinadarin kalsiyom daga ruwan teku suna gina wa kansu gida mai tauri. Nau'in da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi kuma marar zurfi shi ke gina tsaunuka a ƙarƙashin teku. Mafi girma yana gabar Ostareliya, tsawonsa kimanin kilomita 2,300.

Murjani ba shi da wata dabarar kare kansa daga canjin ruwa. Yawan gishirin da ke wajensa shi ne yawan wanda ke cikin jikinsa. Waje ya sauya, ciki ya sauya. A watan Janairun 2011 kogin Fitzroy da ke jihar Queensland ya yi ambaliya, ya kwarara ruwan daɗi mai ɗimbin yawa cikin teku, murjanin da ke kusa da tsibiran Keppel ya mutu da yawa. Ruwan da mu za mu sha mu gode Allah, shi ya zame masa guba.

Me ke faruwa a jikin kifi?

A darasin bayoloji na aji huɗu ana koyar da osmosis, mu kuwa mukan haddace ma'anarsa mu wuce. Ga shi a sauƙaƙe: idan wata siririyar fata ta raba ruwa biyu, ɗaya mai gishiri da yawa ɗaya mai kaɗan, ruwa zai riƙa ratsa fatar yana komawa ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Kun sha gani a kicin. Yanka tumatir ko albasa ka barbaɗa gishiri, bayan minti kaɗan za ka ga ruwa ya taru a faranti. Gishirin ne ya janyo shi daga cikin ƙwayoyin tumatirin.

Jinin kifi, na kogi ne ko na teku, gishirinsa bai wuce kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan teku ba. Namu ma kusan haka yake, shi ya sa ruwan da ake ƙara wa marar lafiya a asibiti ake haɗa shi da gishiri giram 9 a kowace lita. To duba halin da tarwaɗa ke ciki a Tiga. Jininta ya fi ruwan da ke kewaye da ita gishiri, saboda haka ruwa na kutsawa jikinta dare da rana, musamman ta jan naman nan mai kama da mataji da ke ƙarƙashin kunnenta, wanda ake cirewa idan ana gyaran kifi. Da shi take numfashi. Don kada ta kumbura, kusan ba ta shan ruwa, tana yawan fitsari mai tsarwa, sannan matajin nata na aikin kamo ɗan gishirin da ke cikin kogi yana mayarwa jini.

Kifin teku kuma matsalarsa a juye take. Tekun ya fi jininsa gishiri sau uku, ruwa na fita daga jikinsa kullum. Yana tsakiyar ruwa amma ƙishirwa ke barazanar kashe shi. Sai ya riƙa shan ruwan tekun, matajinsa na fitar da gishirin, fitsarinsa kuwa ɗan kaɗan. Kowanne an tsara jikinsa a kan aiki guda, kuma wannan aiki yana cin ƙarfi. Idan aka sauya masa ruwa a hankali, jiki na iya ɗan gyara tafiyarsa zuwa wani iyaka. Idan aka sauya farat ɗaya, babu lokacin gyara. Akwai masu juriya, kamar karfasa da wasu nau'o'inta ke rayuwa a ruwan zartsi na bakin teku, amma tarwaɗa ba ta cikinsu sosai, murjani kuwa ko kusa.

Yadda ake haɗa teku a falo

Mai akwatin murjani ba ya amfani da gishirin miya. Kusan kashi 85 cikin 100 na gishirin teku shi ne irin namu na miya, sodiyom da kulorayid. Ragowar kashi 15 ɗin kuwa, da magniziyom da salfet da kalsiyom da fotasiyom, su ne murjani ke gina gidansa da wasu daga ciki. Don haka akwai gishiri na musamman da kamfanoni ke haɗawa, ana sayar da shi a bokiti. Ruwan ma ba na famfo kai tsaye ba ne. Sai an tace shi da na'ura irin wadda kamfanonin fiya wata da yawa ke amfani da ita, har ya zama babu komai a cikinsa. A wani bokiti daban ake haɗawa, a juya, a bar shi ya kwana, a auna, sannan ya shiga akwati. Ba a zuba busasshen gishiri a kan dabbobin, domin ƙwayar da ta sauka a jikin murjani kafin ta narke ƙona shi take yi.

Awo iri biyu ne suka fi yawa. Akwai haidiromita, sandar gilashi mai nauyi a gindi da ake sakawa ta yi iyo. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi, saboda haka ya fi ɗaga sandar sama, a karanta lamba a jikinta. Idan an ba ruwa zalla lamba 1.000, ruwan da murjani ke so yana kan 1.025 zuwa 1.026. Sai kuma rifraktomita, wani abu kamar guntun tocilan; a ɗiga ruwa a kan gilashinsa, a leƙa ta ido ɗaya, a ga layi tsakanin shuɗi da fari. Haske na karkata idan ya shiga ruwa, kuma gwargwadon gishiri gwargwadon karkatar. Su kansu ma'aunan sukan yi ƙarya. Zafin ruwa na sauya abin da haidiromita ke nunawa, rifraktomita kuma sai an riƙa gwada shi da ruwan da aka riga aka san gishirinsa, kamar yadda mai sikeli a kasuwa ya kamata ya riƙa gwada sikelinsa da dutsen kilo.

Yanzu ga inda sababbin shiga ke faɗuwa, kuma nan ne nake so ku ɗauko biro.

A ce akwatin na cin lita 100, gishirinsa giram 35 a lita. Jimla giram 3,500 ke nan. Fitila na haskawa, fanka na kaɗawa, a mako guda lita 5 ta tashi ta bi iska. Mai akwati ya duba ya ga ruwa ya ja baya. Hankali zai ce masa, ai ruwan teku ne ya ragu, ruwan teku zan ƙara. Ya haɗa lita 5 mai giram 35 a lita, ya zuba. Amma abin da ya tashi ruwa ne zalla. Giram 3,500 ɗin nan suna nan ko ƙwaya ɗaya ba ta bi tururi ba. Ya ƙara musu giram 175. Mako na biyu wani 175, na uku haka. A mako uku akwatin ya kai giram 40 a lita, daidai da Bahar Maliya, wadda ke cikin tekuna mafi gishiri. A mako goma ya haura 52. Ruwan na nan garau, ido ba zai ga komai ba, sai dai murjanin ya ƙi buɗewa, ya kori ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa masu ba shi launi da abinci, ya yi fari fat.

Saboda haka dokar ita ce, ruwan da rana ta sha da ruwan daɗi ake mayar da shi. Ruwan da ka ɗiba da hannunka ka zubar, shi ne ya tafi da gishirinsa, shi ake mayarwa da ruwan gishiri. Hausawa sun daɗe da sanin rabin farko na wannan magana. Ba su ne suka ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya ba? Rana ba ta iya masa komai, ruwa ne kaɗai ke ɗaukarsa. Farin zanen da gumi ke bari a bakin hula ko gefen hijabi ranar da aka sha fareti shi ma shaida ne. Sana'ar gishiri ta mutanen Bilma a arewa maso gabashin Nijar gaba ɗaya a kan wannan ta tsaya: a tara ruwan zartsi a ramuka, rana ta shanye, a kwashe gishirin a zuba a mazubi ya zama kantu, ayarin raƙuman Buzaye su ƙetare Tenere su kawo shi ƙasar Hausa.

To idan an riga an yi ɓarna, gishiri ya kai 38 maimakon 35 fa? Lissafin ba wuya. Kana so giram 3,800 su koma 3,500, wato a cire 300. Kowace lita na ɗauke da 38, don haka kimanin lita 8 za ka ɗebe ka mayar da ruwan daɗi. Sai dai ba a yini ɗaya ba. Masu wannan kiwo sukan ce kada lambar haidiromita ta motsa fiye da 0.001 a rana, wato ɗan fiye da giram ɗaya a lita. Sai a raba lita 8 ɗin kwana uku ko huɗu, ana aunawa bayan kowane zubi. Idan kuma gishirin ne ya yi ƙasa, hanya mafi sauƙi ita ce a juya kuskuren nan na ɗazu ya zama magani: na 'yan kwanaki a riƙa cike gurbin abin da ya tashi da ruwan gishiri, har lamba ta hau inda ake so, sannan a koma ruwan daɗi. Ni wannan ya fi burge ni a duk harkar, yadda abu ɗaya ke zama kisa ko magani, bambancin kawai ko mutum ya auna ko bai auna ba.

Tankin tamfol na bayan gida

Mu dawo gida. Kiwon tarwaɗa ya shigo garuruwanmu sosai. A Rano da Kibiya da Bunkure za ka ga matasa sun kafa tamfol ko sun gina ɗan tafkin siminti, sun sayo 'ya'yan kifi, wasu da kuɗin da suka tara a noman rani, wasu da jarin da uwa ta sayar da akuya ta bayar. Kusan duk wanda ya fara, shawarar farko da zai ji ita ce, idan ka ga kifi ya yi sanyi ka watsa gishiri.

Shawarar tana da tushe. Idan aka ɗauko kifi a jarka daga nesa, ko aka tace shi da raga, yakan galabaita, santsin jikinsa ya goge, gishirin jininsa ya riƙa zuba cikin ruwa. Ɗan gishiri a ruwan na rage tazara tsakanin ciki da waje, jikin ya samu hutu. Na biyu, kashin kifi da ragowar abinci na rikiɗa su zama wani sinadari mai suna naitirayit, wanda ke shiga jini ta matajin numfashi, ya mayar da jinin ruwan ƙasa-ƙasa, ya hana shi ɗaukar iska. Kulorayid ɗin gishiri ta ƙofa ɗaya suke shiga da shi, don haka idan yana da yawa sai ya tare hanya. Na uku, wasu ƙananan ƙwari da ke manne wa fatar kifi ba su jure gishiri kamar kifin.

Inda gizo ke saƙa shi ne kalmar nan "watsa". Littattafan kiwon kifi da giram a lita suke magana. Don rage gajiya, giram kaɗan ne a lita, kamar 1 zuwa 3. Wankan kashe ƙwari kuwa mai ƙarfi ne, giram 10 zuwa sama, na 'yan mintoci ne a bokiti daban, mutum na tsaye a kai, da ya ga kifi ya fara kifewa ya tsame shi. To gwada wannan da abin da ake yi. Tankin lita 1,000 na buƙatar kilo 2 cur kafin ya kai giram 2 a lita. Wanda ya watsa cikin tafin hannu ɗaya bai yi komai ba, ya dai kwantar da hankalinsa, cutar kuma na ci gaba. Wani kuma zai juye gwangwanin madara cike da gishiri, kusan giram 200, a bokitin lita 20 mai 'ya'yan kifi, ya tafi makaranta ko kasuwa. Giram 10 ke nan a lita, ma'aunin wankan mintoci, ya bar jarirai a ciki yini guda. Ƙananan kifi kuwa sun fi manya rauni a nan. Na ga irin haka a unguwarmu lokacin hutun da ya wuce: wani matashi ya wayi gari 'ya'yan kifinsa sun taso sama fari-fari, ya tafi yana zagin wanda ya sayar masa da su, alhali gwangwanin na nan a gefen bokiti.

Akwai kuma kuskuren da ya yi kama da na mai murjani sak. A ce ka zuba kilo 2 a tankin lita 1,000. Bayan kwana biyu ka zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ka cika da sabo, ka sake zuba kilo 2 saboda "an canja ruwa". Amma kashi uku cikin huɗu na gishirin farko na nan. Yanzu kana da 3.5 a lita. Zubi na uku 4.6, na huɗu 5.5, na biyar ya wuce 6, a haka har ya doshi 8, kai kuma a ranka 2 kake ba su. Ƙara da zafin watan Afrilu da ke shan ruwan tankin. Kifi zai rage cin abinci, girma ya tsaya, kai kana zargin kamfanin abinci. Abin da ya dace shi ne ka lissafa gishirin ruwan da ka zubar kawai: lita 250 sau giram 2, rabin kilo. Ka narkar da shi a bokiti tukuna, ka zuba a hankali ta gefe-gefe.

Abu biyu zan ƙara a nan. Kanwa ba gishiri ba ce. Tana sauya ruwa ta wata fuskar daban, ta sa gubar kashin kifi ta ƙara ƙarfi, kada a kai ta kusa da tanki. Kantu ma na dabbobi ne, gauraye yake da ƙasa da wasu sinadarai, ba za ka san abin da ka auna ba. Sannan gishiri ba ya maye gurbin canja ruwa, kuma ba kowace cuta yake ji ba. Idan kifi na mutuwa, malaman gona na KNARDA da likitocin dabbobi sun fi abokin da ya ce "ƙara gishiri" sani. A ganina duk ɗan makarantar da gidansu ke kiwon kifi, babbar gudummawar da zai bayar ita ce tef na awo da littafi: tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa a mita, sau 1,000, ya ba ka lita. Yawancin masu tanki ba su san lita nawa ke cikin tankinsu ba, kuma wanda bai san wannan ba duk abin da ya zuba caca ce.

Gona ma akwati ce

An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Daga nan ruwa ke bin babbar hanya ta Ruwan Kanya ya sauka filayen Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ruwan daɗi ne, amma babu ruwan kogi ko na rijiya da ba shi da ɗan gishirin da ya kwaso daga duwatsu da ƙasa. A ƙasarmu kuma ruwan da rana ke iya sha a shekara ya fi wanda sama ke zubarwa.

Mu yi misali. A ce ruwan da manomi ke ja da injin yana da giram 0.2 kacal a lita, harshe ba zai ma ji ba. A ce a noman rani ɗaya ya ba kadada guda lita miliyan 8. Gishiri kilo 1,600 ke nan ya shiga gonar, buhu 32 masu kilo 50. Shuka ta sha ruwa, rana ta sha, mafi yawan gishirin ya zauna. Abin da ke cetonmu shi ne damina, wadda ke wanke shi zuwa ƙasa, da magudanan da aka haƙa don su kwashe wannan ruwa su fitar. Idan magudana ta toshe da kacalla da yashi, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da sama, sai rana ta riƙa jawo shi tana shanyewa, farin ɓawo ya fito a kan kunya. Saiwar shuka kuwa da osmosis take shan ruwa. Idan ƙasa ta fi ta gishiri, sai ka ga shuka ta yi yaushi a cikin laima, kamar kifin teku mai ƙishirwa. Albasa ce ke fara nunawa, sai masara, sai tumatir da shinkafa. Alkama ta fi su juriya nesa. Masana a tashar binciken ban-ruwa ta Kadawa, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da na'urar da ke auna yadda lantarki ke ratsa ruwa suke gano yawan gishiri, irin wadda wasu masu akwatin murjani ke tsomawa a tankinsu. Duk ranar da aka kira gayyar yashe magudana a ƙauyenku, aikin da ake yi ke nan, ana buɗe wa gishiri hanyar fita.

Gwada da kanka

Leda biyu ta fiya wata lita ɗaya ce. Ƙaramin cokalin shayi a shafe yana ɗaukar gishiri giram 5 zuwa 6, don haka cokali shida a lita ya ba ka wani abu kusa da ruwan teku. Ɗanɗana da bakin harshe ka tofar. Yanka dankali sirara guda biyu masu tsawo ɗaya, ka saka ɗaya a wannan ruwa, ɗaya a ruwan daɗi, ka dawo bayan awa biyu ka lanƙwasa su. Na ruwan daɗi zai yi ƙyam, ɗayan ya yi laushi har ya ɗan gajarta. Kada ka ɓata ƙwan gidanku wajen gwajin iyo, ruwan teku bai kai nauyin da zai ɗaga sabon ƙwai ba, sai ka ninka gishirin kamar sau uku.

Haidiromita kuma za ka iya yin naka. Samo tsinken shan lemo, ka toshe gindinsa da cingam, ka zuba yashi kaɗan-kaɗan har ya tsaya a miƙe cikin dogon kwalba na ruwan daɗi, kamar santimita 15 a nitse. Yi alama da biro daidai fuskar ruwa. Mayar da shi cikin ruwan gishirinka, za ka ga ya ɗago da kusan milimita 4. Yi alama ta biyu. Sai ka zuba rabin ruwan gishirin a buɗaɗɗen kwano ka ajiye a rana kwana biyu, ka mayar cikin kwalba ka sake tsoma tsinken, ka ga inda alamar ta koma. Daga nan ka riƙa ƙara ruwan daɗi cokali-cokali har fuskar ruwa ta dawo kan alama ta biyu, kana rubuta cokali nawa ya ci.